Haɗin Gwiwar Masana da Ingancin Zane a Manyan Kamfanonin Zanen Gine-gine

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikin alhazanmu da suka sauka a filin jirgin saman Jidda tun daga shekarar 1981 sun yi zaman jira a ƙarƙashin wasu fararen rumfuna masu kama da tantunan Larabawa. Galibi abin da suke dawowa da shi shi ne labarin girman wurin, da yadda ake samun inuwa da iska a cikinsa alhali rana na ƙuna a waje. Kaɗan ne suke tambayar wanda ya zana shi. In ma an yi tambayar, amsarta ba ta da sauƙi, domin ba mutum ɗaya ba ne. Wani babban kamfanin Amurka mai suna Skidmore, Owings & Merrill, wanda ake taƙaita sunansa da SOM, shi ya yi aikin, kuma a cikinsa masu zanen gini da injiniyoyi ne suka haɗa kai har siffar ta fito.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba dangantakar da ke tsakanin irin wannan haɗin gwiwa na masana fannoni daban-daban da ingancin abin da manyan kamfanoni suke zanawa. Akwai ra'ayoyi biyu da aka saba ji. Wasu na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka gwargwadon yawan masana gwargwadon kyan aiki. Wasu kuwa na cewa idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, watau taron mutane ba ya haifar da gini mai ƙayatarwa, sai dai wanda ba yabo ba fallasa. Matsayin wannan takarda shi ne, yawan masana ba shi ne ma'auni ba. Abin da yake yanke hukunci shi ne lokacin da aka haɗa su, da matsayin da aka ba kowannensu, da kuma wanda yake riƙe da alhakin aikin har ƙarshensa. Za a kawo misalai daga Shikago da Jidda da Sidni da Kansas domin tabbatar da wannan.

2.0 Bayanin Wasu Kalmomi

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi. Idan aka ce zane a wannan takarda, ana nufin dukkan shawarwarin da ake yankewa game da gini kafin a haƙa harsashinsa: inda zai fuskanta, tsawonsa da faɗinsa, abin da zai ɗauki nauyinsa, ta inda iska da haske da ruwa za su shiga su fita, da kayan da za a yi shi da su. Hoton da ake nuna wa mai gini ɗan yanki ne kawai na wannan aiki.

Game da inganci kuwa, tun ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) wani masanin Rumawa mai suna Vitruvius ya kafa ma'auni uku waɗanda har yau ba a yar da su ba, watau ƙarko da amfani da kyan gani. A nan za mu ƙara na huɗu, shi ne tsimi, ma'ana abin da gini zai ci wajen yinsa da abin da zai ci gaba da ci wajen kula da shi.

Masanan da ake magana a kansu sun haɗa da mai zanen gini, wanda yake tsara ɗakuna da siffa. Da injiniyan ƙashin gini, wanda yake lissafin ginshiƙai da ƙarafan da za su ɗauki nauyi. Da injiniyoyin lantarki da ruwa da sanyaya ɗaki. Da mai ƙididdigar kaya da kuɗi. Sannan ɗan kwangila, wanda zai mayar da takarda ta zama gini. Abin lura shi ne, kowannensu akwai ma'aunin da ya fi damunsa daga cikin huɗun nan. In aka bar kowa shi kaɗai, zai gyara nasa ne ko da zai ɓata na ɗan'uwansa.

3.0 Asalin Manyan Kamfanoni

A da can duk waɗannan ilmomi a kan mutum ɗaya suke. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, shi ne mai zane, shi ne injiniya, shi ne kuma shugaban magina. Sa'ad da yake shawarar faɗin ɗaki, ya riga ya san iyakar tsawon azara da yadda za a ɗaura ta har ta zama bakan gizo, saboda haka siffa da ƙarfi tare suke zuwa masa. Haka abin yake ga maginan Turai kafin zamanin masana'antu. Da ƙarfe da kankare da lantarki da lifta suka shigo a ƙarni na 19, sai ilmin ya fi ƙarfin kai ɗaya, ya rarrabu sana'a-sana'a. Babban kamfani wani yunƙuri ne na tattara abin da ya rarrabu a mayar da shi ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan shi ne Albert Kahn na birnin Detroit a Amurka. Ƙanensa Julius injiniya ne wanda ya ƙirƙiro wata hanya ta ɗaura rodi a cikin kankare, kuma ofishin Kahn ya tara masu zane da injiniyoyi iri-iri. Su suka zana wa kamfanin Ford masana'antarsa ta Highland Park wadda ta fara aiki a 1910, kuma tsakanin 1929 da 1932 suka tsara wa Tarayyar Sobiyat masana'antu fiye da 500. A shekarar 1947 masanin tarihin gine-gine Henry-Russell Hitchcock ya rubuta wata maƙala inda ya kasa zanen zamani gida biyu: na ma'aikata masu aiki bisa tsarin ofis, ya ba da misali da Kahn, da na gwani shi kaɗai, ya ba da misali da Frank Lloyd Wright. Bai rena kashi na farko ba, amma a ganinsa masana'antu da makamantansu ne suka dace da shi, gine-ginen alfarma kuwa sai gwani.

Ba a daɗe ba aka fara gwada wannan rabo. Louis Skidmore da Nathaniel Owings sun kafa kamfaninsu a Shikago a 1936, John Merrill ya shigo a 1939. Aikin tsara garin Oak Ridge a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da SOM babban kamfani, kuma a 1952 ya kammala benen Lever House a New York, wanda masu zane a ƙasashe da dama suka yi ta kwaikwayo. A Ingila kuwa, injiniya Ove Arup ya kafa kamfaninsa a Landan a 1946, a 1963 aka buɗe reshen Arup Associates inda masu zane da injiniyoyi da masu ƙididdiga suke aiki a rukuni ɗaya. A wani jawabi da ya yi wa abokan aikinsa a 1970, Arup ya nanata cewa dole a duba dukkan shawarwarin gini a lokaci guda, a kuma haɗa su su zama abu ɗaya. Haka nan George Grenfell-Baines ya kafa Building Design Partnership a 1961 bisa wannan aƙida.

4.0 Inda Aka Haɗu Tun Farko

4.1 Dogayen benayen Shikago

Domin a fahimci wannan misali, sai mun ɗan yi bayanin matsalar dogon bene. Nauyin bene yana ƙaruwa ne daidai da yawan hawansa, amma ƙarfin da iska take tura shi da shi yana ƙaruwa fiye da haka nesa ba kusa ba. Saboda haka a tsohon tsari, idan bene ya wuce wani tsawo, ƙarfen da ake ƙarawa don tare iska sai ya yi yawa har aikin ya daina biyan kuɗinsa. Muna iya kiran wannan harajin tsawo.

Fazlur Rahman Khan, injiniya haifaffen Dakka a 1929, ya shiga SOM a 1955, inda ya haɗu da mai zanen gini Bruce Graham. Dabarar Khan ita ce a fito da ginshiƙai zuwa bangon waje, a jera su kusa da juna a ɗaure, yadda benen duka zai zama kamar gora: cikinsa fayau, ƙarfinsa a jikin bango. Sun fara gwada ta a wani bene mai hawa 43 da ake kira DeWitt-Chestnut a tsakiyar shekarun 1960.

Sai aikin benen John Hancock, wanda aka sauya wa suna a 2018. Mai aikin ya fara tunanin benaye biyu ne, ɗaya na ofisoshi ɗaya na gidajen kwana. Graham da Khan suka ga a ɗora su a bene ɗaya mai hawa 100. Ofis yana son fili mai faɗi, gidan kwana kuwa yana son kowane ɗaki ya kusanci taga, don haka mai zane yana buƙatar bene mai faɗin gindi da tsukakken kai. Wannan siffa ita ce kuma injiniya yake so, domin faɗin gindi yana ƙara tsayuwa, tsukewar kai tana rage abin da iska za ta kama. Daga nan aka ɗaure bangon waje da manyan ƙarafa a gicciye, ba a kuma ɓoye su ba, aka bar su su zama adon ginin. An kammala shi a 1969 da tsawon mita 344. Ƙarfen da ya ci ya kai kimanin kilo 145 a kowane murabba'in mita na daɓe, alhali benen Empire State mai hawa 102, wanda aka gama a 1931, ya ci kimanin kilo 206. Tun da mutane za su kwana a can sama, Khan bai tsaya ga lissafin ƙarfi ba. Ya ɗora mutane a kan wani dandamali mai juyawa a gidan adana kayan kimiyya na Shikago domin ya gane iyakar lilon da jikin ɗan'adam zai fara ji.

A benen Sears, wanda ake kira Willis tun 2009, sun ɗaure irin wannan gora guda tara wuri ɗaya kamar damin kara, kowace faɗinta kimanin mita 23. Biyu suka tsaya a hawa na 50, biyu a na 66, uku a na 90, biyu suka kai ƙololuwa, mita 442. Wannan hawa-hawa da ake gani daga nesa ita ce siffar ginin, ita ce kuma lissafinsa. Babu wanda zai iya nuna inda aikin Graham ya ƙare na Khan ya fara.

4.2 Tashar alhazai ta Jidda

Bari mu koma ga rumfunan da muka buɗe da su. Matsalar da aka fuskanta a nan ita ce, dubban mutane za su sauka cikin 'yan makonni, su yi sa'o'i masu yawa suna jira, sauran watannin shekara kuwa wurin kusan ba kowa. Da an bi hanyar da aka saba, da mai zane ya zana katafaren zaure rufaffe, sannan ya miƙa wa injiniyan sanyaya ɗaki ya san yadda zai yi da shi. Kuɗin lantarki da na kula da injuna a irin wannan wuri ba ƙarami ba ne.

Da yake an zauna tare tun farko, sai aka sauya tambayar, aka koma neman yadda za a samar da inuwa da iska ba tare da rufe wurin ba. Rukunin da ya haɗa da masu zane Gordon Bunshaft da Gordon Wildermuth da injiniya Khan ya fito da rumfuna 210, kowace mita 45 tsawo mita 45 faɗi, an kasa su rukuni 10, kowane rukuni rumfa 21. Jimillar inuwarsu ta haura hekta 42. An yi su da wani yadi na zaren gilashi wanda aka shafe da Teflon, aka rataye su da igiyoyin ƙarfe a jikin dogayen turaku. Farin yadin yana mayar da mafi yawan zafin rana, yana barin haske kaɗan ya ratsa yadda ba a buƙatar fitila da rana. An ɗaga rumfunan sama sosai, gefe a buɗe, kowace kuma da kafa a ƙololuwarta, saboda haka iska mai zafi tana tashi ta fice, wata ta shigo ta gefe. Rufi ɗaya ya yi aikin ƙashin gini da na fitila da na sanyaya wuri, ya kuma yi kama da tantin da mutanen ƙasar suka sani. An buɗe tashar a 1981, Khan ya rasu a Jidda a 1982, aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1983.

5.0 Inda Aka Makara: Gidan Kiɗa na Sidni

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Asalin maganar ga maginan tukwane take: in yumɓu ya bushe, ado ba ya hawa sai da ɓarna. Gidan kiɗa da wasanni na birnin Sidni a Ostireliya misali ne na abin da yake faruwa idan aka kira injiniya bayan yumɓu ya fara bushewa.

A watan Janairu na 1957 Jørn Utzon, mai zane ɗan ƙasar Denmak, ya ci gasar zanen ginin a cikin zane-zane 233 da aka gabatar. Rufin da ya zana mai kama da filafilan jirgin ruwa da hannu ya ja shi, ba bisa wata ƙa'idar lissafi ba. Bayan an ba shi aikin ne aka ɗauki kamfanin Arup. Injiniyoyin suka tarar siraran rufin da ke cikin hoton ba za su iya tsayawa ba, kuma tun da kowane yanki lanƙwasarsa daban, ba a iya zuba su da ma'auni ɗaya. Aka shafe shekaru ana gwada siffofi iri-iri, har da amfani da kwamfutocin farko. Ana cikin haka gwamnatin jihar, don gudun kada siyasa ta kashe aikin, ta sa aka fara gini a watan Maris na 1959, alhali ba a san nauyin rufin ba. Sai a ƙarshen 1961 aka daidaita a kan cewa dukkan rufin za a yanko su daga jikin ƙwallo ɗaya mai nisan kimanin mita 75 daga tsakiya zuwa baki, yadda za a iya zuba haƙarƙarinsu da ma'auni ɗaya. Kafin nan an riga an yi ginshiƙan da ba za su ɗauki wannan rufi ba, dole aka sake su.

Sakamakon ya fito a lissafi. An yi tsammanin gamawa a 1963 da dalar Ostireliya miliyan 7, amma ba a buɗe ginin ba sai a watan Oktoba na 1973, bayan ya ci miliyan 102. Dangantaka tsakanin Utzon da injiniyoyinsa ta yi tsami, sabuwar gwamnatin da ta hau a 1965 ta riƙe masa kuɗi, ya ajiye aikin a 1966, wasu suka ƙarasa cikin ginin. Babban zauren da aka yi niyyar ya ɗauki kiɗa da wasan kwaikwayo na waƙa ya koma na kiɗa kaɗai, makaɗa kuma suka daɗe suna kukan yadda sauti yake fita a cikinsa har aka yi masa babban gyara tsakanin 2020 da 2022.

Adalci ne a faɗa cewa ginin ya zama abin alfahari, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2007. Amma mafitar da ta cece shi daga haɗuwar mai zane da injiniyoyi ta fito. Da an yi haɗuwar a 1956 maimakon bayan gasa, da wataƙila an sami kyan ba tare da wannan asara ba.

6.0 Inda Alhaki Ya Faɗi Tsakani: Otal ɗin Kansas

Misali na ƙarshe ya nuna cewa haɗuwa a farko ma ba ta isa ba idan ba a ci gaba da ita ba. A otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka an rataye gadojin tafiya a cikin babban zaure, ta hawa na huɗu a saman ta hawa na biyu. A zanen asali sandar ƙarfe ɗaya ce za ta sauko daga rufi ta ratsa gadojin biyu, kowace gada tana zaune a kan notinta. Masu ƙera ƙarafan suka ga wannan zai yi wuyar haɗawa, suka kawo shawarar a raba sandar biyu: ta farko ta tsaya a gadar sama, ta biyu ta taso daga jikin gadar sama ta riƙe ta ƙasa.

A ido sauyin ƙarami ne. Amma a kwatanta guga biyu cike da ruwa. Idan kowanne an ɗaure shi a jikin igiya ɗaya, mariƙin kowanne nauyinsa kaɗai yake ɗauka. Idan kuwa aka rataye na ƙasa a jikin na sama, mariƙin na sama ya ɗauki nauyi biyu ke nan. Haka ya faru ga mahaɗin gadar sama. Takardun sauyin sun bi ta ofishin injiniyoyi, aka buga musu hatimi ba tare da an sake lissafi ba, kowane ɓangare yana zaton ɗayan ya duba. Ran 17 ga Yuli 1981 gadojin suka rufto a kan masu biki, mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Binciken gwamnati ya gano cewa ko zanen asalin ma kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin da dokar birnin ta shar'anta zai iya ɗauka. A 1986 aka karɓe wa injiniyoyin lasisinsu. Masana ba su yi ƙaranci a wannan aiki ba. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da ya san mahaɗin nan a wuyansa yake.

7.0 Sharuɗɗan Haɗin Gwiwa Mai Amfani

Daga waɗannan misalai muna iya fitar da sharuɗɗa huɗu.

Na farko shi ne lokaci. A makonnin farko sauya shawara ba ya cin komai sai takarda, kuma a lokacin ne ake yanke manyan abubuwa. Da zarar an zuba kankare, ƙaramin sauyi ma sai ya ci dukiya. Kamfanin Caudill Rowlett Scott na jihar Texas ya gane wannan tun a aikin wasu makarantu a garin Blackwell na jihar Oklahoma, inda ya ɗauki al'adar kwashe rukunin ma'aikatansa zuwa garin mai aiki, su tare can na 'yan kwanaki tare da waɗanda za su yi amfani da ginin, har a daidaita a kan matsalar kafin a fara neman maganinta.

Na biyu shi ne matsayi. Injiniyan da aka ɗauka a matsayin ɗan aike, abin da aka tambaye shi kaɗai zai amsa. Khan ya kai matsayin abokin tarayya a SOM, watau yana cikin masu kamfanin, saboda haka yana iya cewa a sake siffa a kuma saurare shi. A aikin cibiyar Pompidou ta birnin Faris ma, injiniyoyin Arup ne suka ja hankalin Renzo Piano da Richard Rogers su shiga gasar 1971, tare kuma suka fito da ƙashin gini da bututai waje domin a sami zaure mai faɗin mita 48 ba ginshiƙi.

Na uku shi ne a san mai maganar ƙarshe. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma tsoron da masu ra'ayin dambu suke yi yana da tushe: idan kowace shawara sai kowa ya yarda, abin da zai rage shi ne wanda ba ya ɓata wa kowa rai, ba ya kuma burge kowa. Kamfanin The Architects Collaborative, wanda Walter Gropius ya kafa da wasu matasa bakwai a 1945, ya kasance yana taro duk mako inda kowa zai soki aikin kowa, amma hukunci yana hannun wanda aka damƙa wa aikin.

Na huɗu shi ne riƙe alhaki har ƙarshe, musamman a mahaɗar sana'o'i, domin a nan ne kowa yake zaton aikin wani ne. Duk sauyin da ɗan kwangila ya kawo, dole ya koma ga wanda ya yi lissafin asali.

A wannan zamani kwamfuta ta sauƙaƙa wani ɓangare na aikin. Da tsarin da ake kira BIM, kowane masani yana zuba aikinsa a cikin samfurin gini guda, sai na'ura ta nuna inda bututu ya ci karo da ƙarfe tun kafin a je fili. Gwamnatin Ingila ta wajabta amfani da shi a ayyukanta daga 2016. Sai dai na'urar tana gano karo ne a cikin tsarin da aka riga aka zaɓa. Ba ita za ta ce a bar rufaffen zaure a koma rumfa ba. A benen Burj Khalifa na Dubai, mai tsawon mita 828, wanda aka buɗe a 2010, mai zane Adrian Smith da injiniya William Baker na SOM sun juya fuskar ginin suka kuma gyara siffarsa bayan gwajin iska, kuma hakan ya yiwu ne domin tun farko sun yarda sakamakon gwaji yana iya sauya zane.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda an yi ƙoƙarin nuna cewa girman kamfani da yawan masanansa dama ce kawai. A Shikago da Jidda an yi amfani da damar, sai shawara ɗaya ta biya buƙatar ƙarko da amfani da kyan gani da tsimi gaba ɗaya, abin da ya nuna rabon da Hitchcock ya yi bai zama dole ba. A Sidni an makara, aka biya da dukiya da shekaru. A Kansas an saki alhaki, aka biya da rayuka.

Wannan ya shafe mu malamai kai tsaye. A Nijeriya hukumar rajistar masu zanen gini an kafa ta a 1969, ta injiniyoyi kuma a 1970, kowace da hurumin ta, kuma galibi a tsangayoyi daban muke koyar da su. Khan da abokin aikinsa Myron Goldsmith sun riƙa duba kundayen ɗalibai tare a cibiyar fasaha ta Illinois, kuma a kundin wani ɗalibi aka gwada dabarar ƙarafan gicciye kafin a gina benen Hancock. Shawarar wannan takarda ita ce a tanadi aƙalla aiki ɗaya kafin kammala digiri wanda ɗalibin zane da na injiniya da na ƙididdiga za su yi tare tun daga ranar farko, a kuma ba su maki ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda bai saba sauraron ɗan'uwansa a aji ba, da wuya ya fara a ofis.